Tela da Allurar da Ta Ƙi Motsi

Maigidana tela ne, kuma gaskiya ɗaya ce, hannunsa na da kyau. In ya sa maka maɓalli, rigar za ta mutu ta bar maɓallin da ransa. Matsalarsa guda ce: a ganinsa babu abin da ke doron ƙasa wanda bai sani ba. In likita na duba shi, shi ke nuna wa likita inda zai danna. In ya shiga mota, shi ke koya wa direba canjin giya, alhali ko keke bai iya hawa ba. 'Yan layinmu Farfesa suke kiransa, yana kuwa amsawa da zuciya ɗaya, don bai taɓa kawowa a ransa cewa tsokana ce ba.

Autarmu karatun koyarwa take yi, ɓangaren kimiyya. Ta gama komai, saura abu ɗaya: ta tsaya gaban aji ta koyar, wata jami'a na zaune a baya tana ba ta maki. Ɗalibai Mai Jan Biro suke kiran matar. A karon farko ta kayar da Auta, wai muryarta na rawa. Wannan ne karo na biyu, kuma babu na uku. In ta ci, makarantar da take gwaji za ta riƙe ta aiki. In ta faɗi, duk wahalar da yarinyar nan ta sha ta bi ruwa.

Ana saura kwanaki kaɗan ta dawo gida da kayan darasin don ta yi bita. Ta jera su a kan teburin falo: wani bututun roba da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, sandar maganaɗisu da ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, da 'yar mita mai allura a tsakiya.

"Mama, sa ido a kan allurar nan," in ji ta.

Ta tura maganaɗisun cikin bututun, allura ta yi dama. Ta tsayar da hannunta, allura ta koma tsakiya. Ta zaro shi, allura ta yi hagu.

Na ce, "Ba batir a ciki?"

"Babu, Mama. Motsin maganaɗisun a cikin naɗin wayar shi ke haifar da wutar. Da zarar ya tsaya, ita ma ta tsaya."

Ni dai abin ya burge ni. Sai muka ji gyaran murya daga bakin ƙofa. Maigida ne, tef ɗin awo a wuya.

"Shi ke nan?" in ji shi.

"Shi ke nan, Baba."

"Shekara da shekaru ana karatu, a ƙarshe a ce allura ta ɗan kaɗa kai? Ni tun kafin a haife ki nake motsa allura, ba wanda ya ba ni takardar shaida."

Ya jawo kujera ya zauna, ya kalli kayan sama da ƙasa, ya ce, "Yanzu na gane. Matar nan ba don muryarki ta kayar da ke ba, ƙanƙantar abin ce. Ba a tafa wa allura. Ƙwan fitila ake kunnawa. Ni zan haɗa miki babba, wanda in ta ga haskensa da kanta za ta miƙe tsaye. Daga nan kuma layin nan ya yi bankwana da duhu."

Auta ta fara tattara kayanta da sauri. "Baba, don girman Allah kar ka taɓa min waɗannan, na makaranta ne."

"Wa zai taɓa kayan wasan yara?" in ji shi, ya fita yana 'yar waƙa.

Kashegari na dawo daga kasuwa na tarar da fankar ɗakina a ƙasa, an farke mata ciki, fukafukanta a jingine da bango. Maigida na zaune a gefe yana warware waya daga cikinta.

Na ce, "Maigida, me fankar ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Wayar cikinta nake so. Ta daɗe tana shan wuta, yanzu lokacin ramawa ne."

"A wannan zafin?"

"Maman Auta, in na gama za ki samu wutar da za ta juya fanka goma."

"Wace fankar? Ga guda ɗayan da muke da ita ka yanka."

Bai kula ni ba. Ya miƙo min bakin wayar ya ce in riƙe, ya yi ta ja da baya har ƙofar gida, ya zagaya ƙusa ya dawo da ɗaya bakin, ya haɗa su a hannuna. Wato ya ninka ta biyu, yadda yake wa zare in zai sa maɓalli. Ya ƙulle wajen ninkin a jikin wani ƙaton bututun ruwa, ya shiga naɗawa.

"Zare ɗaya ba ya riƙe komai," in ji shi. "Duk abin da ake so ya yi ƙarko sai an ninka shi biyu. Wannan sirri ne da ba sa koyarwa a makaranta."

Ban san komai a kan waya ba, don haka na ja bakina. Naɗin kam ya yi kyau, layi bisa layi, babu wanda ya hau wani. Ranar nan kam da mafici na yi barcin rana.

Maganaɗisu kuwa wajen mai sayen tsofaffin ƙarafa ya samo shi, na wata matacciyar lasifika, faɗinsa ya kai faranti. Ya zura shi a babban aljihun rigarsa ya taho gida yana taku ɗai-ɗai. Shagon da ke jikin nasa na Mai Aski ne, abokinsa tun suna samari, kuma abotar tasu gaba ɗaya gardama ce. Ƙofar shagon ta ƙarfe ce. Maigida ya tsaya ya jingina don su gaisa, sai ji kake ƙam, aljihu ya manne da ƙofa.

Ya tambayi lafiyar Mai Aski. Ya tambayi iyali. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke wani gari. Duk yana yi yana ɗan jan jiki, ƙofa na biyo shi.

"Farfesa, yau gaisuwar ta yi tsawo," in ji Mai Aski.

"Zumunci ne."

"To shigo ka zauna mana."

"Nan ma ya isa."

"Ko matsa kaɗan, ka tare wa masu shigowa hanya."

"Ai ƙofar taka ce ba ta da tarbiyya."

Sai da ya dafa bango da ƙafa ya fizga. Shi ya fita, aljihun ya zauna. Mai Aski ya sa hannu biyu ya ɓamɓare maganaɗisun tare da ƙyallen, ya miƙa masa, ya ce in ya rasa mai ɗinke masa aljihun ya san wani tela mai kyau a ɗaya layin.

A shagonsa ma abin bai zo da sauƙi ba. Yana ajiye shi a kan tebur, duk fil da alluran da ke cikin kwano suka tashi suka manne masa, almakashi ya bi bayansu. Wani da ya kawo wando a rage masa tsawo ya zauna yana kallon tela na kokawa da almakashinsa, har ya gaji ya ce zai naɗe ƙafar wandon kawai.

Duk da haka bai fasa shela ba. Ya bi shago-shago yana cewa a hallara da la'asar a ga abin da ba a taɓa gani ba. Mutane kuwa ba sa ƙin kallo, musamman na kyauta. Ya fito da tebur gaban shago, ya ajiye maganaɗisun, ya ɗora naɗin wayar a kansa, ya haɗa bakunan biyu da ɗan ƙwan tocila. Sannan ya zauna ya harɗe hannuwa.

Aka yi shiru ana kallon ƙwan.

Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Auta fa ta ce sai an motsa shi."

"Ƙaramin ne ke buƙatar motsi, kamar yaro," in ji shi da ƙarfi don kowa ya ji. "Babba a zaune yake aiki. Wutar kwance take a cikin maganaɗisun, kamar ruwa a randa. A ba ta lokaci ta tsatso."

Aka ba ta lokaci. Mai Aski ya shiga shago ya yi wa wani aski, ya karkaɗe masa wuya, ya fito.

"Ta tsatso?"

"Tana hanya."

"Daga wane gari ta taso? Ko mu tura a tarye ta?"

Mai Faci, wanda rumfarsa ke tsallaken titi, ya ce shi dai in ba za ta iso kafin magariba ba a faɗa masa, yana da tayoyi na jiransa. Mata biyu suka ɗauki kwandunansu za su tafi. Da Maigida ya ga taro zai watse, sai ya miƙe ya ce dama wancan gwajin haƙurinsu yake yi, yanzu ne za a fara na gaske. Aka ciccibo masa keken ɗinkinsa, mai feda, wanda ya girmi Auta. Ya manna maganaɗisun a jikin babbar ƙafar keken da ke juyawa, ya kafa naɗin wayar daf da shi a kan bulo.

Mai Faci ya miƙo masa igiyar roba ya ce, "Farfesa, ɗaure shi."

"Abin da ya riƙe ƙofa da ni a jiki shi ne zai kasa riƙe kansa?"

Ya zauna ya fara takawa. Keken ya soma rawa, don nauyi ya koma gefe ɗaya, yana ɗan tsalle yana matsawa gaba, Maigida na jan kujera yana bin sa. Zufa ta karyo masa. Ƙwan nan ko gezau.

"Hasken rana ne ya rufe shi," in ji shi yana haki. "Maman Auta, kawo bargo!"

Na kawo. Ya lulluɓe kansa da ƙwan, ƙafafunsa a waje suna ta aiki. Can sai muka ji murya daga ciki: "Ya kama!"

"Mu gani," in ji jama'a.

"Idonku bai saba ba, zai cutar da ku."

Mai Aski ya ce shi dai idonsa ya riga ya lalace, babu asara. Ya ɗaga bargo ya cusa kai. Haka muka tsaya muna kallon dattawa biyu a ƙarƙashin bargo ɗaya a bakin titi, da rana tsaka. Da ya fito aka tambaye shi me ya gani.

"Duhu ne mai kyau," in ji shi. "Ban taɓa ganin wanda aka sha wa wahala kamarsa ba."

Dariyar da aka yi ce ta tunzura Maigida. Ya ƙara wa feda wuta, keken ya shiga kuka. Sai maganaɗisun ya saki. Ya tashi sama, ya wuce ta kan hular Mai Faci, ya je ya manne a jikin wata motar ɗaukar kaya da ke wucewa, ya bi ta. Muka raka shi da ido har ta sha kwana. Maigida bai sani ba, yana cikin bargo yana ta takawa, yana cewa ga shi nan yana ƙaruwa.

Mai Aski ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Farfesa, huta haka. Wutar ta samu mota."

Ya yaye bargon, ya kalli ƙafar keken, ya kalli titi. Ya goge fuska ya ce wayar fanka ce ta gaji, dama tun farko ya yi zargin haka.

Da Auta ta dawo ta ji labari, ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta daina dariyar, ta ɗauki kayan darasinta ta ɗora a saman kabad, ta rufe su da tsohon zane. Ni kuma na ɗauka an gama. Wanda aka yi wa irin wannan dariyar a bakin shagonsa, ai ko ba a ce masa bari ba ya bari.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ana gobe jarrabawa Auta ta tafi makaranta shirya aji, shi kuma ya rufe shago da wuri, ya sa aka shigo masa da keken ɗakinsa, ya turo ƙofa. Na yi ta jin ƙarar ɗinki, na ce a raina fushi ne yake hucewa a kan yadi, gara haka.

Da safe Auta ta shirya, ta miƙa hannu saman kabad ta ɗauko mita da maganaɗisu ta sa a jaka, amma naɗin wayar babu shi. Kafin ta yi ihu sai ga shi ya fito riƙe da abu a hannu biyu. Naɗin wayarta ne, an ɗinka masa riga ta karan-miski mai ruwan kasa, da zif a gefe, da 'yan ƙofofi biyu da bakunan wayar suka leƙo, kowace an daje bakinta da zare. Gaskiya ni ko da aurena ban sa abu mai kyan ɗinkin wannan ba.

"Ba za a ce 'yar tela ta je gaban mutane da kaya tsirara ba," in ji shi.

Idon Auta ya ciko da ƙwalla. Ta karɓa, ta juya shi, ta ce, "Na gode, Baba. Amma ba ka taɓa cikin ba ko?"

"Na ɗan gyara masa zama ne kawai."

Ta buɗe jaka za ta ciro mita ta gwada, sai motar makaranta ta danna hon a waje. Ta zura komai a jaka ta fita da gudu. Ni dai wannan "kawai" ɗin bai kwanta min ba, amma mota ta riga ta tashi.

Shugaban makarantar ya yarda iyaye su zauna a bayan aji, da sharaɗin kar a ji ko tarinsu. Maigida ya sa sabon wandon da ya ɗinka wa kansa a gurguje da safiyar, ya kuma jawo Mai Aski, wai yana so wanda ya yi dariya ya zo ya ga ƙarshen dariya. Muka zauna a benci na ƙarshe. Mai Jan Biro na gefe, siririyar mace mai tabarau, irin waɗanda ba ka sanin ko sun taɓa jin abin dariya a rayuwarsu.

Auta ta fara, kuma wallahi ta fara da kyau. Muryarta tsaf, ba rawa. Ta zana bututu da maganaɗisu a allo, ta yi tambayoyi, yara suka ɗaga hannu. Sannan ta ce su matso su sa ido a kan allura. Ta haɗa wayoyin da mita, ta ɗauki maganaɗisun ta tura.

Allura ba ta motsa ba.

Ta zaro, ta sake turawa. Ta duba inda ta ɗaura wayoyin, ta matse su, ta ƙwanƙwasa mitar da yatsa. Ta tura da sauri, ta zaro da sauri. Allurar nan na tsaye a tsakiya abinta. Wani yaro ya ce, "Malama, ko mun yi ƙiftawa ne?" A cikin shirun da ya biyo baya na ji lokacin da Mai Jan Biro ta cire murfin bironta. Na kalli Auta, na ji kamar in tashi in ɗauke 'yata in goya mu tafi gida.

Sai benci ya yi ƙara. Maigida ne ya miƙe.

"A yi min izini."

Mai Jan Biro ta waiwayo. "Wane ne wannan?"

"Mahaifina ne," in ji Auta, da ƙyar.

"An ce iyaye su yi shiru."

"Ai ba a matsayin uba na tashi ba, Hajiya. A matsayin wanda ya haɗa na'urar na tashi."

Na ja gefen rigarsa, ya fizge. Ya taka zuwa gaban aji yana bayani. "Abin da suka ba ta aikin ɗan koyo ne, zare ɗaya, ko iska ta busa ya tsinke. Ni na warware shi kakaf na sake naɗawa yadda ya kamata. Yanzu ƙarfi ne ya yi masa yawa, allurar ta tsorata. Sai an sa hannun maza."

Auta ta bi shi da kallo, bakinta a buɗe. Ya karɓe maganaɗisun, ya ware ƙafafu, ya shiga turawa da zarowa, yana ƙara sauri, hularsa na zamowa kan ido. Tebur na rawa, mitar na rawa, komai na rawa ban da allurar.

"Tana hanya?" in ji Mai Aski daga baya.

Ya waiwaya zai ba shi amsa, maganaɗisun ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin tebur. Ya sunkuya da ƙarfi zai ɗauko. Sai ji kake ƙiii, wando ya yage tun daga ƙugu har kusa da gwiwa. Ajin ya yi tsit, shi kuma ya tsaya a sunkuye, don ya san miƙewa ba za ta gyara komai ba.

Mai Aski ya ce, "Wannan kam zare ɗaya aka sa."

Aji ya fashe. Yara har da masu bubbuga tebur. Na cire mayafina na ɗaura masa a ƙugu, na tasa shi gaba har waje, Mai Aski na biye. Na bar su a can na dawo jikin taga.

Auta na tsaye a inda muka bar ta, yara na ta shewa, Mai Jan Biro na rubutu. Sai na ga ta ɗaga kai ta buga tebur sau ɗaya.

"Kowa ya koma wurinsa. Yanzu."

Ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ni da nake waje sai da na gyara tsayuwa. Aji ya nutsu. Ta zuge zif ɗin, ta tuɓe wa naɗin riga, ta ɗaga shi tana dubawa. Ta ga wayoyi biyu kwance gefe da gefe tun daga farko har ƙarshe, ta ga ƙullin da aka yi a wajen ninkin. Ta lumshe ido na ɗan lokaci, sannan ta juyo ga taga.

"Mama, karɓo min almakashin Baba."

Ba ya rabuwa da shi, a aljihu yake. Na je na zaro ba tare da na nemi izini ba, na miƙa mata ta taga.

Ta ɗaga naɗin sama ta ce wa yara, "Ku duba nan. An ninka wayar biyu kafin a naɗa. In wuta ta shiga ta wannan bakin, ta zagaya bututun ta wannan hannun har ta kai ninkin, sannan ta dawo ta ɗaya hannun. Maganaɗisun na tura wuta a cikin duka biyun, amma ɗaya na tura ta gaba, ɗaya na maido ta baya. In mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suna tura ƙofa, ɗaya daga ciki ɗaya daga waje, me zai faru?"

Wata yarinya ta ɗaga hannu. "Ba za ta buɗe ba, Malama."

"To me za mu yi?"

"A kori ɗaya!" in ji wani daga baya.

Ta sa almakashi ta datse ninkin. Ta kankare bakin wayar da kaifinsa har jan ƙarfen ya fito, ta haɗa mitar da farko da ƙarshen waya guda, ta bar ɗayar a sake. Ta kira yarinyar nan ta ba ta maganaɗisun. Yarinya ta tura.

Allura ta yi dama.

Ihun da yaran suka yi sai da malamin ajin kusa ya leƙo. Auta ba ta tsaya nan ba. Ta ce maimakon a kori na biyun, me zai hana a zagayo da shi su tura ta gefe ɗaya? Ta ɗaura ƙarshen waya ta farko da farkon ta biyu, ta sake haɗa mita. Wannan karon allura ta tafi nesa fiye da ɗazu. Yara suka yi layi, kowa sai ya tura da hannunsa, har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya nufi ƙofa. Ni kuwa ina jikin taga ina share hawaye da bayan hannu, don mayafina na wani ƙugun.

Mai Jan Biro ta mayar da murfin bironta, ta tashi. A bakin ƙofa ta tsaya gaban Auta, ta dube ta ta saman tabarau.

"Kullum haka yake?" in ji ta.

"Yau da sauƙi, Malama."

"To kin ci. Wadda ta riƙe aji da wannan bawan Allah a ciki, babu ajin da zai gagare ta."

Ta wuce abinta. Auta ta zauna a kan kujera ta kifa kai a tebur, yara suka kewaye ta.

Na zagaya bayan ajin neman Maigida. Na same shi zaune a kan dakali, mayafina a ƙugunsa, hularsa a hannu yana ta murza ta. Mai Aski na gefensa, yau kam babu tsokana. Daga inda suke sun ji ihun yara, amma ba su san na mene ne ba. Da ya gan ni ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Fuskar nan ta faɗa, na ga tsufan da ban taɓa lura da shi ba. Duk faɗan da na tanada tun daga kan fankata sai na neme shi na rasa, tausayinsa ya kama ni.

Ya ce, da wata 'yar murya, "Maman Auta, na kayar da ita ko?"

Na zauna kusa da shi, na gyara masa ɗaurin mayafin.

Na ce, "Ka yi iya ƙoƙarinka ka kayar da ita, Maigida. Allah ne bai nufa ba."